Shakkar kai da dogon buri: tambayoyin da sababbin marubuta suka fi yi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke ta dawowa duk inda marubuta suka zauna a Bauchi da Gombe, ko a zaurukan WhatsApp, daga bakin ɗalibai, da malaman makaranta, da matan aure masu rubutu a waya bayan yara sun yi barci. Na tattara su ne don ina ganin masu basira da yawa suna ajiye alƙalami, abin kuma yana damuna. Galibi abu biyu ke sa su ajiyewa: suna auna kansu da ma'aunin da ba nasu ba, sannan suna jiran sakamakon da rubutu bai saba bayarwa da wuri ba.

Ina rubutu, amma ina jin kunyar kiran kaina marubuci. Yaushe mutum ke cancantar sunan?

Tun ranar da ka zauna ka rubuta abu, ka dawo washegari ka ɗora. Babu hukumar da ke raba takardar shaidar zama marubuci. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981, tana yi wa mambobi rajista a rassanta na jihohi, amma rajistar bayan aiki take zuwa. In sunan ya yi maka nauyi a baki, ka ce "ina rubutu" kawai, ka ci gaba da harkarka.

Duk abin da na rubuta, in na sake karantawa sai in ga shirme ne. Ko ba ni da baiwar ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta a'a ce a mafi yawan lokuta. Idonka na karatu ya girmi hannunka na rubutu. Tun kana firamare kake karanta littattafan da aka tace, aka gyara, aka sake gyarawa, don haka kunnenka ya san Hausa mai daɗi. Hannunka kuwa bai daɗe da farawa ba. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce kake ji kamar rashin baiwa. Wanda ba ya iya ganin aibin rubutunsa ya fi ka zama cikin haɗari, domin shi ba shi da abin da zai gyara da shi.

Ka kuma lura da abin da kake kwatanta kanka da shi. Kana ɗora daftarinka na farko kusa da littafin da ya riga ya fito kasuwa. Wanda ya ga riga a rataye a shagon tela bai ga ƙyallayen da aka zubar a ƙarƙashin keke ba. Abubakar Imam kansa ya yi watanni a Zariya a 1936 yana aikin Magana Jari Ce tare da Rupert East, Baturen da ke shugabantar hukumar talifi mai samar da littattafan Hausa, ana dubawa ana gyarawa, kafin littafin ya zama abin da muka karanta a makaranta.

Abin yi: in ka gama babi, ka ajiye shi mako biyu kada ka buɗe. Sannan ka karanta shi da ƙarfi, kamar kana karanta wa wani. Duk inda harshenka ya sarƙe, ko ka ji kana son tsallakewa, ka sa alama. Wuraren alamar nan su ne aikinka. Sauran ka ƙyale su.

To yaya zan bambance shakkar da ke da amfani da wadda ke kashe gwiwa?

Shakka mai amfani tana nuna wuri. Takan ce: hirar Hajiya da kishiyarta a babi na uku ta yi tsawo, ko kuma ba a gane dalilin da ya sa Sani ya bar gida ba. Irin wannan ana iya zama a gyara ta kafin la'asar. Ɗayar kuwa ba ta nuna shafi, mutum take yi wa hukunci: kai wa za ka rubuta wa, waɗanda suka fi ka ma ina suka kai. Duk lokacin da ta taso, ka tambaye ta shafi nawa, layi na nawa. In ba ta da amsa, ba gyara ta kawo ba, ka koma kan aikinka.

An yaba wa labarina, har na samu masu bibiya, amma ina ji kamar sojan gona ce ni, wata rana asirina zai tonu. Ni kaɗai ce haka?

Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun bayyana wannan hali bayan nazarin da suka yi a kan mata masu ilimi da nasara a aikinsu, waɗanda duk da shaidar da ke gabansu suke ganin sa'a ce kawai ta kai su inda suke. Daga baya an gane maza ma suna fama da shi. A wajenmu yakan ɓuya a bayan kunya da tawali'u, shi ya sa ake daɗewa ba a gane shi ba. Gode wa Allah a kan baiwa daidai ne. Musun cewa ke kika zauna dare da rana kika rubuta kuwa, wannan rage gaskiya ne. In an yaba, ki ce na gode, ki kuma tambayi mai yabon wane wuri ne ya fi kama shi, domin amsar za ta nuna miki ƙarfinki a zahiri.

Hausata ta Bauchi ce, wasu kuma Hausa ba ita muka tashi da ita a gida ba. Ba za a yi mana dariya ba?

Na san wannan ciwon, kuma ya fi yawa a yankinmu fiye da Kano ko Katsina. Yaro ya tashi da Fulatanci, ko Tangale, ko Teranci, ko Bolanci, ko Jaranci, ko Sayanci a cikin gida, Hausa kuma a kasuwa da makaranta. Ko wanda Hausar ce harshen uwarsa, da zarar ya rubuta "motan Audu" maimakon "motar Audu", ko "ya kawo goro wa Malam" maimakon "ya kawo wa Malam goro", sai wani ya yi masa caa a zaure. Mutum ya ji haka sau biyu, sai ya daina sakin rubutu.

Bausanci (Hausar Bauchi) da Guddiranci (Hausar yankin Azare) kare-karen Hausa ne masu asali, masana harshe sun yi nazari a kansu kamar yadda suka yi a kan Sakkwatanci da Katsinanci. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan Kananci domin a samu hanya ɗaya ta rubutu, kuma koyonta ake yi, har Bakano ma sai ya koya. Shawarata: muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, amma in mai sayar da atamfa a Kasuwar Wunti ya buɗe baki, ko dattijuwa a Azare, ko ɗan acaɓa a Jekadafari, a bar su su yi magana yadda suke yi. Wannan dukiya ce da marubucin wani gari ba shi da ita. Littattafan Hausa da yawa a gari ɗaya suke faruwa, da murya ɗaya, masu karatu kuma suna marmarin jin wata.

Matsalar jinsi, wato "ya" da "ta", ita ce ta fi bukatar kulawa ga wanda Hausa ta zo masa ta biyu. Mai duba rubutu guda ɗaya ya isa ya kama maka su. Duba amsar da ke magana a kan wanda za a nuna wa rubutu.

Ban karanci Hausa a jami'a ba, ko sakandare ban gama ba. Zan iya?

Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga firamare aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne an fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012, kuma ana nazarin ayyukanta a jami'o'i. Digiri yana koyar da nazarin adabi. Iya ba da labari kuwa da sauraro da karatu da yawan gwadawa ake samunsa.

Abin da ba za ka tsallake ba shi ne ƙa'idojin rubutu, kuma ba su da yawa. Haruffa masu ƙugiya: baki daban, baƙi daban, haka kasa da ƙasa. Raba kalmomi da haɗa su: "yana" a haɗe, "za ta" a rabe, "ba ni" a rabe. Manhajar allon rubutu ta Gboard na da allon Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, a sauke shi a waya. In da hali a nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Malamin Hausa na makarantar unguwarku zai iya nuna maka mafi yawan ƙa'idojin nan a zama biyu ko uku, in ka je masa da ladabi da shafukanka a hannu.

Na fara littattafai da yawa, ko ɗaya ban gama ba. Me ke damuna?

Yawanci girman abin da ka ɗauko ne. Mai farawa yakan zauna da niyyar littafi mai kashi uku, mai jarumai ashirin, wanda zai taɓo aure da siyasa da almajiranci gaba ɗaya. Shafukan farko sukan zo da daɗi. A tsakiya labarin yakan yi nauyi, sai wani sabon labari ya faɗo a rai, ya fi kyau tunda ba a fara rubuta shi ba. Haka ake tara farkon littattafai a waya.

Ka gama ƙaramin abu tukuna: gajeren labari mai kalma 1,500, mutum biyu ko uku, matsala ɗaya. Wanda ya taɓa kai labari ƙarshe ya san wani abu da mai farko goma bai sani ba. In ka koma kan dogon, ka yi lissafi mai sauƙi. Kalma 300 a rana, wato kusan shafi guda, in ka yi kwana 100 ka samu kalma 30,000, kuma wannan littafi ne. Minti talatin bayan sallar asuba, ko kafin a ɗauke wuta da dare, ya isa. Ranar da ka rasa kada ka ce sai ka rama, ka ɗora daga inda ka tsaya.

Ina sakin feji, wato labarina kashi-kashi, a WhatsApp da manhajar karatu ta Wattpad amma ba mai sharhi. In daina?

Masu karatu sun fi masu sharhi yawa nesa ba kusa ba. Ke ma ki tuna littattafai nawa kika karanta a waya ba ki ce uffan ba. Yawan sharhi ya fi nuna girman zauren da marubuciya ke ciki da daɗewarta a fagen, fiye da ingancin jimlolinta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasin haka, wato marubuciyar da sharhi ya kama. Ana ce mata a kashe kishiyar, sai ta kashe. Ana ce mata a ƙara feji, sai ta ja labarin da ya kamata ya ƙare a babi na ashirin har ya kai sittin. Kullum tana bugawa a gurguje don kada zaure ya yi fushi, ba ta da lokacin karanta abin da ta rubuta jiya. A ƙarshe ta gaji, ta ce baiwar ce ta ƙare. In za ki iya, ki gama littafin kafin ki saki shafin farko. In ba za ki iya ba, ki kasance gaba da masu karatu da babi biyar aƙalla, kuma ki san ƙarshen labarinki tun kafin su fara ba ki shawara.

Zan iya barin aikina in dogara da rubutu?

Kada ka bari yanzu. Ina faɗin haka da nauyin zuciya, domin na fi kowa son a ce rubutun Hausa yana ciyar da mai yin sa. Kasuwar littattafan takarda da ta bunƙasa a Kano daga shekarun 1980 ta ja baya sosai tun da karatu ya koma waya, kuɗin takarda da ɗab'i kuma sun yi tashin gwauron zabi. A intanet ana samun kuɗi, ta hanyar littafin kuɗi a zaure, ko manhajoji irin su ArewaBooks, ko karanta littafi a YouTube, amma a yi lissafi da idon basira. A matsayin misali, in mutum 100 suka biya naira 500, an samu 50,000. A cire kuɗin data da cajin waya, a raba sauran a kan watannin da aka yi ana rubutun, a kuma tuna akwai mai fitar da littafin ya raba kyauta.

Manyan kyaututtuka ma kada su ruɗe ka. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala 100,000 ce, Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016, amma ta rubutun Turanci ce, kuma tana zagayawa tsakanin rukuni huɗu, don haka ƙagaggen labari sau ɗaya yake samun zagayensa a shekara huɗu. Marubutan da muke alfahari da su yawancinsu malamai ne, ko 'yan jarida, ko ma'aikata. Albashi ko sana'a na ba ka 'yancin rubuta abin da kake so, ba sai abin da zai sayu a wannan makon ba.

Na shiga gasa ban ko shiga cikin waɗanda aka zaɓa ba. Hukunci ke nan?

Hukuncin alƙalai kaɗan ne a kan labari ɗaya a shekara ɗaya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta faro a 2016 domin mata marubuta tana fitar da gwaraza uku ne, sai wasu 'yan labarai da ake yaba wa, duk yawan waɗanda suka shiga. Dole labarai masu kyau su faɗi. Wasu kuma ƙa'ida ce ke kayar da su tun kafin a duba daɗinsu: an ce kalma 1,000 zuwa 1,500, an turo 2,000, ko an tsakuro babi daga dogon littafi an kira shi gajeren labari. Ki saurari labaran da suka yi nasara, ki duba ta ina suka fara da inda suka tsaya. Ribar da ba a ƙwace wa kowa ita ce wa'adin gasar ya sa kin gama labari, kuma labarin naki ne, kina iya gyara shi ki kai wani wuri.

Komai a Kano da Kaduna da Abuja ake yi. Wanda ke Bauchi ko Gombe yana da dama kuwa?

Gaskiya ne maɗaba'u da dillalan littafi da manyan taruka sun fi yawa a can. Amma cikin littattafai biyar da aka buga bayan gasar hukumar talifi ta 1933, ɗaya malamin makarantar Midil ta Bauchi ne ya rubuta shi: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 marubucin yana ɗan shekara 22 ko ƙasa da haka. Shi ke nan ƙagaggen labarinsa, guda ɗaya, ga shi har yau ana karantawa. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958 bayan doguwar rashin lafiya, waƙoƙin da ya bari ba su da yawa, amma babu ɗalibin adabin Hausa da zai gama karatu bai haɗu da su ba. Helon Habila ɗan Kaltungo ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi kafin ya tafi Legas aikin jarida. Da kansa ya buga tarin gajerun labaransa a 2000, ɗaya daga cikinsu ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001.

Abin da ya fi rashin maɗaba'a cutar da mu shi ne kaɗaici. Marubuci a Misau ko Dukku ko Billiri yakan ɗauka shi kaɗai ke wannan fama. A nemi reshen ANA na jiha, a leƙa sashen Hausa na kwalejojin ilimi irin ta Aminu Saleh da ke Azare, ko a haɗa mutum huɗu a riƙa zama sau ɗaya a wata ana karanta wa juna.

A gida ana ganin rubutun ɓata lokaci ne, kuma ina tsoron a ce labarin gidanmu na rubuta.

Marubutan soyayya na shekarun 1990 sun sha suka a jaridu, aka kira aikinsu adabin kasuwar Kano da nufin rainawa, yau kuma ana rubuta kundin digiri a kansu. Mutanen gida sukan sassauto in sun ga rubutun bai hana girki ko karatu ko zuwa aiki ba, musamman in aka ba Baba ko maigida wani abu gajere mai tsabta ya karanta da kansa. Game da tsoron a gane mutane, haƙƙi ne a kanki ki sauya suna da gari da sana'a da duk abin da zai nuna wani, domin sirrin mutane amana ne. Sunan alƙalami ma halal ne, marubuta da yawa da shi suka fara.

Wa zan nuna wa rubutuna, kuma yaya zan ɗauki gyara ba tare da na karaya ba?

Mutum uku sun isa: mai son karatu wanda ba marubuci ba, wanda ya san ƙa'idojin rubutu, da marubucin da ya riga ka. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce ya yi. Ka tambayi a wane shafi suka ajiye, wane jarumi suka manta sunansa, ina ne ba su yarda da abin da ya faru ba. In za ka kai wa babba, kada ka tura masa shafi 200 da tsakar dare. Ka ce, "Malam, don Allah in an samu sarari a duba mini babi na biyu, hirar ce nake shakka." Wanda aka roƙa haka yakan duba.

In gyaran ya zo, kada ka amsa a ranar. Zafin yakan sauka bayan kwana biyu, sannan ka ware wanda ya nuna wuri da wanda hukunci ne kawai, kamar yadda aka yi bayani a amsar bambance shakka. In mutum biyu da ba su san juna ba suka tsaya a wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka ba ka bai yi maka ba.

Ina tsoron a sace mini labari, shi ya sa ba na nuna wa kowa.

Satar fasaha tana faruwa, amma ɓoye rubutu a waya shekara da shekaru ya fi ta kashe littattafai. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, aiki naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba, kodayake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka na karɓar sanarwar aiki ga mai son ƙarin shaida. Ka riƙa tura wa kanka kowane babi ta imel, kwanan wata zai zauna a kai. Wannan zai kuma cece ka ranar da waya ta faɗa ruwa ko wata manhaja ta rufe, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a 2023.

Abin ya wuce rubutu. Ba na jin daɗin komai, ina ganin ba ni da amfani. Wannan ma shakkar marubuci ce?

Wataƙila a'a. Shakkar marubuci a kan shafi take tsayawa, in ka tashi ka shiga cikin mutane sai ta sake ka. In kuwa ka yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, abubuwan da ka saba so sun daina burge ka, to alamun ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Ka gaya wa wani na kusa da ka amince da shi, ka ci gaba da addu'a, ka kuma ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe duka suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In har tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka jira ranar asibiti, ka sa wani ya raka ka sashen gaggawa a ranar.